Haɗa kwamfutar gem da ɗan kuɗi a Kano: me za a saya, me za a bari?

Yawancin bidiyoyin YouTube da ke koyar da haɗa kwamfutar gem mai araha, a Amurka ko Turai ake yin su, inda wuta ba ta ɗaukewa, ɗaki da sanyi, kuma kanti zai karɓi kaya in sun lalace bayan wata shida. Wanda ya kwafo jerin kayansu ya nufi Beirut Road ko Farm Centre zai iya samun kayan, amma lissafin ba namu ba ne. A nan, kafin a kunna gem ma, kwamfuta tana fama da wutar KEDCO mai hawa da sauka, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ba ta barin ko kafar allura. Saboda haka ma'aunin da zan auna kayan da shi ya ɗan sha bamban.

Abin da za a auna

Cin wuta na sa a gaba, kafin farashi ma, kuma da gangan. Wanda ke Band A ya koma biyan sama da naira 200 a kowane yunit bayan ƙarin da aka yi a Afrilun 2024. Wanda ba ya Band A kuwa, mafi yawan gem ɗinsa a kan inbata ko janareto zai buga. Batirin sola mai 12V da 200Ah a takarda yana riƙe wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne, rabin wannan ake so a sha idan ana son ya yi shekaru. Kwamfutar da ke jan wat 250 har da allonta, awa huɗu da ɗan ɗoriya ta shanye wannan rabin. Mai jan 350 kuwa, da ƙyar ta wuce awa uku. Sannan duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi ne za ta amayo maka a ɗaki.

Sai farashi. Kusan duk kayan nan da dala ake shigo da su, daga Cana ko Dubai, wasu ta Computer Village da ke Ikeja, don haka kuɗin da aka faɗa maka ranar Litinin kan sauya kafin Alhamis in dala ta motsa a Wapa. Gara ka riƙe lissafi da kaso. A shawarata, katin girafik (mai zana hoton gem) ya ɗauki kimanin kashi 40 cikin ɗari na kuɗin akwatin, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da madabod (bod ɗin da ake soka komai a kai) su raba kashi 25 zuwa 30, fawa (mai raba wa kayan wuta) kada ta gaza kashi 10, sauran a raba wa RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da SSD (ma'ajiyar gem da fayiloli) da kes (gidan kwamfutar).

Bayan waɗannan akwai ƙarko, da sauƙin haɗawa ko ƙara wani abu nan gaba, da haɗarin a sayar maka da kayan da suka sha wahala ko na jabu. A kasuwar da garantin kayan hannu bai cika wuce sati ɗaya ko biyu ba, wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah wane gem kake bugawa. Mai gem ɗin ƙwallo na FC da eFootball, da GTA V da Valorant a allon 1080p ba ya buƙatar rabin abin da mai neman sababbin manyan gem yake buƙata. Mutane da yawa suna kashe kuɗi saboda gem ɗin da ba za su taɓa saukewa ba, don datar saukewar ma aiki ce.

Tushe: furosesa da madabod

Hanya mafi araha ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, a soka mata kati. An ƙera su don su yini suna aiki a banki ko ma'aikata, don haka suna da ƙarko, kuma komai a haɗe yake. Matsalarsu biyu. Fawarsu ƙarama ce kuma yawanci ta kamfanin ce kaɗai, da filogin da ba ya shiga wani bod, ba ta kuma da wayar ba kati wuta. Dole sai katin da ke shan wutarsa daga ramin bod, wato wat 75 zuwa ƙasa. In akwatin siriri ne, katin ma sai gajere. Na biyu, shekarun furosesa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel zubi na takwas zuwa sama da sashen tsaro na TPM 2.0. Ke nan i7-4790 da i5-6500 da suka cika shaguna, duk da sunan i7 mai daɗin ji, sun riga sun faɗo daga layi. In za a bi wannan hanyar, a nemi mai i5-8500, mai ƙwayoyin aiki shida, a kuma nemi babban akwati mai tsayi, kada a ɗauki siririn.

Hanya ta biyu ita ce Ryzen 5 5600G. Tana ɗauke da nata girafik a ciki, don haka kwamfuta za ta tashi ta yi aiki ba kati. Valorant da eFootball da GTA V za su tafi in an rage kyan hoto. Sabon FC zai wahalar da ita. Amfaninta na gaske shi ne ta ba ka damar haɗa rabin kwamfuta yau, ka jira kwasar adashi ko albashin wata uku ka sayi kati. Cin wutarta kuma ba ya kai ya kawo, ƙaramar inbata ma za ta ɗauke ta. Abin da ka rasa shi ne rabin ma'ajiyar gaggawa ta cikin furosesa, 16MB maimakon 32MB da ke cikin Ryzen 5 5600, kuma tana tsayawa a PCIe 3.0, wato tsohon zubin hanyar da kati ke bi ya haɗu da furosesa. Idan kati ya zo daga baya za ka ɗan ji bambancin, amma ba wanda zai hana ka barci ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a sasanta shi: RAM ya zama sanda biyu, domin girafik ɗin cikinta daga RAM yake ci, sanda ɗaya kuma na rage masa gudu ƙwarai.

Hanya ta uku ita ce cikakken haɗi da kati tun farko, kuma a nan ne ake yawan musun AMD da Intel a majalisa. Ryzen 5 5600, wadda ta fito a 2022, ƙwayoyi shida gare ta, wat 65, kuma sabuwa a kwali tana zuwa da fankarta. Tana zama a soket AM4, wato mazaunin furosesa a jikin bod, wanda AMD ta daɗe tana amfani da shi, shi ya sa bod ɗin B450 da B550 da A520 suka yi yawa a kasuwa, sababbi da na hannu. Tarkon da ke nan shi ne tsohon B450 ba ya gane 5600 sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, don haka ka sa mai shago ya kunna maka su tare kafin ka biya. Allurorin AM4 a jikin furosesa suke, sai ka juya ta ka duba ko akwai wadda ta lanƙwashe.

A ɓangaren Intel akwai i3-12100F mai ƙwayoyi huɗu da i5-12400F mai shida, su ma na 2022. Kada sunan i3 ya ruɗe ka, wannan ƙaramar tana doke tsofaffin i7 na kwamfutocin ofis a gem. Harafin F na nufin babu girafik a ciki, in ba kati allo ba zai nuna komai ba. Haka ita ma 5600. Bod ɗin H610 shi ne mai arahar, amma akwai mai karɓar RAM na DDR4 akwai mai DDR5, kuma sandunan ba sa shiga ramin juna. A nan allurorin a cikin soket ɗin bod suke, kuma bod na hannu mai lanƙwasasshiyar allura asara ce kawai.

Tsakanin 5600 da 12400F, ni dai ban ga abin musu ba. A gem kusan kunnen doki suke yi. Ka haɗa kuɗin furosesa da bod na kowanne a ranar da za ka saya, ka ɗauki mai sauƙin. Soket AM5 na AMD da DDR5 kuwa, duk da su ne na zamani, za su cinye kuɗin da ya kamata ya tafi wajen kati. Haɗin Xeon da bod ɗin X99 da ake tallatawa a AliExpress, araharsa gaskiya ce, amma furosesocin na tsofaffin manyan kwamfutocin kamfanoni ne (server), bod ɗin kuma ba wanda zai tsaya maka in ya mutu.

| Tushe | Farashi | Cin wuta | Ƙari nan gaba | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kwamfutar ofis (i5-8500) | mafi araha | kaɗan | kusan babu | ƙaramar fawa ta kamfani |
| Ryzen 5 5600G | matsakaici | kaɗan sosai | akwai | rauni a sababbin gem kafin a sa kati |
| i3-12100F da H610 | matsakaici | kaɗan | akwai, zuwa i5 | rikita DDR4 da DDR5 |
| Ryzen 5 5600 ko i5-12400F | ya ɗan ɗara | matsakaici | akwai | tsohon BIOS, lanƙwasassun allurori |

Katin girafik, inda kuɗin yake

RX 580 na AMD mai 8GB shi ne katin da za a fara miƙo maka in ka ce kuɗinka kaɗan ne. Ya fito a 2017, kuma a zamaninsa gwarzo ne. Yanzu abubuwa da dama sun taru a kansa. Yana jan wat 185. Shi ne kuma katin da masu haƙar kuɗin kirifto suka fi tarawa, suna kunne dare da rana shekara da shekaru, har Ethereum ta daina amfani da haƙar kati a Satumban 2022 aka zubo su kasuwa. Da yawa daga waɗanda ke zuwa cikin sabon kwali da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba, tsohuwar ƙwaya ce aka cire aka ɗora wa sabon gida. Akwai kuma samfurin da ake rubuta wa 2048SP, wanda a zahiri RX 570 ne da sunan yayansa. Araha ba ta ado. Ga wanda ke kan batir a ɗakin da ba iya kwandishan, ban ga dalilin ɗaukar sa ba sai in kuɗi sun ƙi sam.

GTX 1660 Super, na 2019, ya fi shi hankali: 6GB, wat 125, ya ɗan fi RX 580 gudu, kuma bai cika zafi ba. Yana da sashen naɗar bidiyo na Nvidia mai kyau, wanda masu ɗora gem ɗinsu a TikTok ko YouTube za su ji daɗinsa. Shi ma an yi haƙa da shi sosai, don haka sai an gwada. Rauninsa shi ne lokaci na neman wuce shi. An fara fitar da gem da ba sa tashi sam sai katin yana da sashen lissafin hasken nan da ake kira RT, irin Doom: The Dark Ages na 2025, kuma daga 1660 Super har RX 580 babu mai shi.

RX 6600 shi ne wanda zan nuna wa ƙanina. Ya fito a Oktoban 2021 da 8GB, yana jan wat 132 kacal, amma ya kusa ninka RX 580 a gudu. Ka lura da wannan lissafin: wuta ƙasa da ta RX 580 da wat 53, aiki kusan biyu. A 1080p yana tafiyar da mafi yawan gem a kyan hoto mai yawa ba tare da sarƙewa ba, waya ɗaya mai ƙafa takwas yake buƙata daga fawa, kuma ko a bazara fankokinsa ba sa ihu. Yana da RT, ko da yake mai rauni ne, wanda dai zai sa gem ya yarda ya buɗe. Layukansa na PCIe takwas ne, don haka a B550 ya fi sakewa, amma a B450 ma abin da yake ragewa kaɗan ne.

RTX 3060 na Nvidia mai 12GB ya ɗan fi 6600 gudu, yana jan wat 170, kuma ya fi tsada. Ƙarin kuɗin ya halatta ne ga wanda kwamfutar za ta yi masa sana'a bayan gem: tace bidiyon biki, Blender, zanen gini. Manhajojin nan sun fi jituwa da Nvidia, kuma 12GB ɗin yana amfani. A kula, akwai 3060 mai 8GB wanda ya fi rauni, sunan iri ɗaya. RTX 4060 na 2023 kuwa wat 115 yake ja kuma ya fi su duka gudu. Ga mai sola babu kamarsa, sai dai farashinsa ya fara fita daga da'irar masu ɗan kuɗi. Intel Arc B580 mai 12GB ya fito a Disamban 2024 a kan dala 249, a takarda garaɓasa ne, amma yana jan wat 190, yana son sabon bod mai Resizable BAR, kuma masu gyaran da suka saba da shi ba su kai na AMD da Nvidia yawa ba.

Masu kwamfutar ofis zaɓinsu uku ne. GTX 1650 mai 4GB shi ne aka fi sani. RX 6400 wat 53 kawai yake ja, amma layukansa huɗu ne, a tsohon bod mai PCIe 3.0 yana rasa ƙarfi, kuma ba ya naɗar bidiyo da kansa. RTX 3050 mai 6GB na 2024, wat 70, shi ya fi su, in ka same shi a farashin da bai kai na RX 6600 ba.

| Kati | Ma'ajiya | Wat | Shekara | Hukunci |
|---|---|---|---|---|
| RX 580 | 8GB | 185 | 2017 | araha, zafi, haɗarin kayan haƙa |
| GTX 1650 | 4GB | 75 | 2019 | na kwamfutar ofis |
| GTX 1660 Super | 6GB | 125 | 2019 | ya isa FC da GTA V |
| RX 6600 | 8GB | 132 | 2021 | mafi dacewa da kuɗinsa |
| RTX 3060 | 12GB | 170 | 2021 | gem da sana'ar bidiyo |
| RTX 4060 | 8GB | 115 | 2023 | mai sola da aljihu ya ɗan yi nauyi |

Duk katin hannu, kada kuɗi su bar aljihunka sai an soka shi a gabanka. A buɗe GPU-Z a ga sunansa na gaskiya, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su koma GTX 1050 Ti, kuma manhajar kan tona su. A kunna FurMark, manhajar gwajin kati, na minti goma sha biyar ko ashirin, kana kallon zafi da allo. In ka ga ɗigo-ɗigon launi, ko layuka, ko allo ya ɗauke ya dawo, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka yi gaba. Ka leƙa sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. Mai shagon da ya ce ba wuta, ka ce a tayar da inji ka biya kuɗin man.

Fawa, da abin da ke tsakaninta da bango

Nan ne mutane suka fi yi wa kansu. An gama kashe kuɗi a kati, sai a ɗauki fawar da ta zo kyauta da kes, mai rubutun 600W a jiki amma ba nauyi a hannu. Wannan kamar ka sayi sabon babur ne ka riƙa zuba masa gurɓataccen man bumburutu. Fawar banza in za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, takan ja bod ko kati. Ka sayi sabuwa, ta kamfani sananne irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, mai shaidar 80 Plus Bronze, wat 550 ya wadatar da duk katunan da ke teburin nan. Ka duba jikinta ko an rubuta tana karɓar 100 zuwa 240V. Irin wannan ta fi jure ranar da aka kawo wuta rabi. Ko komai na kwamfutarka na hannu ne, fawa dai ta zama sabuwa.

Fawa mai kyau tana son tsaftatacciyar wuta, don haka inbata ko UPS ɗin su zama masu fitar da wuta santala irin ta Nefa, waɗanda ake rubuta wa pure sine wave a kwali. Masu arahar nan na ɗaya nau'in kan sa fawa ƙara ko ta kashe kanta daidai lokacin da wuta ta ɗauke. Ƙaramar UPS mai 650VA ainihin ƙarfinta bai kai wat 400 ba, kuma batirinta na 'yan mintoci ne. Ka nemi 1,000VA zuwa sama. Da damina kuma, hadari na haɗuwa a zare filogi daga bango.

Sauran kaya

RAM 16GB, sanda biyu masu 8GB, DDR4 mai gudun 3200. A shiga BIOS a kunna XMP, in ba haka ba zai zauna a ƙasa da gudun da ka biya. Farashin RAM ya tashi sosai a duniya a ƙarshen 2025, don haka na hannu da aka gwada da manhajar MemTest86 ba laifi ba ne, RAM bai cika lalacewa ba.

SSD kuwa sabo, NVMe, 1TB in da hali, domin GTA V kaɗai yana cin kusan 100GB. Jabun SSD sun yi yawa, a duba da manhajar CrystalDiskInfo.

Kes mai gilashi gaba da fitilu kala-kala na ɗakin sanyi ne. Mu namu shi ne mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, fanka biyu masu shigo da iska, ɗaya mai fitarwa. A ɗora shi a tebur, kada a ajiye a kan kafet. Lokacin hunturu a riƙa hure shi da abin hura iska duk wata, a riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Allo mai inci 24 da 1080p ya isa, talabijin ɗin falo ma zai yi kafin a samu hali. Wayar HDMI dai a jikin kati ake soka ta, ba a ramin bod ba.

Wa ya dace da me

Ɗalibin da ke son FC da eFootball da abokai a ɗakin haya, kuɗinsa kuma a ƙirge suke, ya nemi babbar OptiPlex ko EliteDesk mai i5-8500, ya cika RAM zuwa 16GB, ya sa SSD da GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. Ya dai sani cewa iyakarta ke nan, ranar da ya so ƙari sai dai ya sayar da ita gaba ɗaya.

Wanda kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan ya fara da 5600G a kan B550 ko B450, da RAM sanda biyu da fawa mai kyau ta wat 550 tun yanzu, ya ƙara RX 6600 in hali ya samu.

Wanda zai iya biya lokaci ɗaya kuma gem ne zalla a gabansa: Ryzen 5 5600 ko i5-12400F, duk wadda ta fi sauƙi a ranar, da RX 6600. In kuɗin sun gaza kaɗan, a sauko da furosesa zuwa i3-12100F, a bar katin yadda yake.

Mai tace bidiyo ko zane da rana, gem da dare, RTX 3060 mai 12GB da furosesa mai ƙwayoyi shida, RAM kuma ya yi shirin kai shi 32GB.

Mai gidan gem da zai kunna kwamfutoci huɗu ko biyar a kan sola ko janareto guda, ya ninka wat ɗin kowane kati da yawan kujerunsa kafin ya kalli farashi. RX 580 biyar wat 925 ne, RX 6600 biyar wat 660, RTX 4060 biyar kuma 575.